Sandar Tabar Magagi da Kujerar Baba Maidoki

Ranar da Baba Maidoki ya shaida wa mutanen fada cewa zai bar Filinge ya koma Yamai wajen ɗansa, kowa ya yi jugum yana jimamin rabuwa, ban da Magagi. Shi kujerar yake kallo.

Fadar nan a gindin wani dogon yaro take, bayan tashar mota, inda maza ke haɗuwa bayan la'asar a dafa shayi a yi ta gardama har magariba. Akwai benci, akwai tabarma, amma kujera mai wurin jingina guda ɗaya ce tak, ta ƙarfe da saƙar igiyar roba kore da ja, kuma ta shugaban fada ce. Mai kujera shi ke shan kofin farko. Abin da ya fi wannan, in ya buɗe baki ba mai katse shi. Magagi kuwa a kan kifaffen bokiti yake zama, kuma tun da ya dawo daga Kwatano bai taɓa kai labari ƙarshe ba, sai wani ya tsoma baki.

Wannan abu yana ci masa rai ƙwarai. Shekarun da ya yi a Kwatano a tsaye ya yi su, yana gadin ƙofar wani otel, yana buɗe wa waɗanda za su shiga su zauna. Shi dai ba haka yake faɗa ba. In ka ji daga bakinsa, babu Baturen da ke kunna taba a otel ɗin sai an kira Magagi ya shinshina ya ba da izini. Shaidarsa kuwa tana aljihun gabansa kullum: wani ɗan bututun ƙarfe mai murfi, a ciki akwai naɗaɗɗiyar tabar manya, irin mai kaurin nan ruwan ƙasa wadda masu Faransanci ke kira sigar. Wani baƙo ne ya miƙa masa ita ranar da ya ɗaukar masa akwati. Mutanen fada suna ce mata sandar Magagi. Sun sha ganin bututun, amma ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ciki.

Baba Maidoki ya gyara zama ya ce, "Kujera dai ba ni tahiya da ita. Jajibirin tahiyata, duk wanda yas sa wa bakina ɗanɗanon da zan riƙa tunawa can Yamai, shi ka gadon ta. Ban ce wane ba, ban ce wane ba."

Abdurrazak mahauci ya buga ƙirji ya ce, "An gama, Baba. Kilishi zan yi maka wanda in ka ci sai ka fasa tahiyar."

Magagi ya yi wata dariya ta hanci. Ya zaro bututunsa a hankali ya ɗaga shi sama.

"Nama!" in ji shi. "Nama ko kura ta san shi. Ni ranar nan sandar ga zan kunna."

Issa mai goro ya leƙa bututun ya ce, "Wai ni Magagi, abin ga cin shi aka yi ko sha?"

"Sauraron ta aka yi, Issa. Ba irin sigarin da kuka zuƙa bayan masai ba ta. Wagga hannu ka naɗe ta, ba inji ba. Ganye iri uku gare ta: na ciki shi na tuwon, na tsakiya shi na ɗamara mai riƙe shi, na waje kuwa riga, sumul, ba ko jijiya. Ganyen sai ya yi shekaru a ɗaki mai duhu shina hutawa kahin a taɓa shi."

"Ganye ka hutawa?" in ji Abdurrazak. "Noma yay yi?"

Magagi bai kula shi ba. "In ka kunna, farkonta zuma da soyayyar gyaɗa. Tsakiyarta koko da ƙamshin itace. Ƙarshenta kuwa sabuwar fata da ɗan yaji."

"Fata? To ka ce takalmi za mu ci."

"Kuma ba a shan ta haka nan gaya," in ji Magagi, yana ɗaga murya don ta rufe dariyar. "Kowane sashe da abin shan da ka raka shi. Turawa barasa suka haɗa ta da ita, mu ko Musulmi na, don haka na tsara mata nawa. Farko da kofin shayi na hwari, mai ɗacin nan. Tsakiya da lamurje. Ƙarshe da hura mai nono. Ku dai ku zo ku ga ilimi. Kuma ku shaida, kujerar ga a gidana za ta kwana."

"Mun shaida," in ji Issa.

Da ya koma gida ya shiga ɗaki ya saki labule, ya murɗe murfin bututun da bismilla. Zafin Filinge ya gama da sandar tun tuni. Ta bushe ƙamas kamar karan gero, rigar waje ta tsage a gefe, in ya taɓa sai ta yi ƙara. Abu ɗaya ne bai canza ba, wani ɗan zoben takarda ja mai ruwan zinari da ke kewaye da wuyanta.

Matarsa Kubura ta leƙo. "Maigida, wannan ce dukiyar da muka yi ta jira?"

"Ƙishirwa taka ji, shi ke nan. A Kwatano cikin akwati mai raɓa aka aje su. Ke mi kika sani?"

"Na san ƙirare in na gan shi."

Magagi ya yayyafa wa wani tsumman buhu ruwa, ya shimfiɗa a kan faifan da ke rufe randa, ya kwantar da sandar a kai, ya rufa mata gefen tsumman yadda ake rufa wa mai zazzaɓi. Ya ja wa Kubura kunne kada ta taɓa, ya kori kaji, ya ɗaure akuya, sannan da gari ya waye ya fita kasuwa don ya yi magana da mai fura da mai lamurje. Mutum ɗaya ya manta bai gargaɗa ba, mahaifiyarsa Inna Tambara, wadda ɗakinta ke fuskantar randar, kuma wadda ta fi shekara hamsin ba a ga leɓenta na ƙasa babu taba ba.

To a ƙasar Kurfai, inda Filinge take, kowa ya san abin da ake nufi in an ga busasshiyar taba a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ana so ta yi laushi ne a daka ta da kanwa a sa a baki. Ba wata fassara.

Da Magagi ya dawo da hantsi, tun daga zaure ya jiyo ƙarar ƙaramin turmi da shewar tsofaffi. Ya shigo ya tarar da Inna a kan tabarma da ƙawarta Habsatu da wasu tsofaffin unguwa, kowacce leɓenta ya tasa, idanunta a lumshe. Tsumman yana kan randa, ba komai a ciki.

"Allah shi yi maka albarka, ɗan nan," in ji Inna. "Ashe ka yi hankali. Na ga ka jiƙa min ita ka aje inda zan gani, na ce to bari in hutar da kai daka."

Magagi ya leƙa cikin turmin, ya ga sandarsa ta zama gari.

Habsatu ta juya abin da ke bakinta ta ce, "Tambara, ni wallahi zuma nika ji."

"Jira ta zauna," in ji Inna. "Zumar wucewa taka yi. Bayanta akwai gyaɗa, irin wadda anka soya da yashi."

"Ni kam ƙamshin ƙasa nika ji, awa ruwan hwari ya sauka," in ji wata.

"Can ƙarshe kuma sai ta ɗan cije ki a maƙogwaro, da ladabi," in ji Inna. "Wagga taba ta san manya."

Magagi ya dafa bango. Duk abin da ya haddace daga bakin Turawa yana tsaye a ƙofa, ga shi yana fitowa daga bakin tsofaffin da ba su taɓa wuce Baleyara ba, kuma shi ko ɗanɗanawa bai yi ba. Ya ji kamar ya yi kuka. Sai idonsa ya faɗa kan ƙaramin yatsan Inna, ya ga zoben takardar nan yana ƙyalli.

"Inna, ko zoben ki ba ni."

Ta ɓoye hannun a ƙarƙashin zane. "Tun da na haihe ka ba ka taɓa ba ni zobe ba. Yau ka ba ni, ka ce in maido?"

Uwa ce, ba a yi mata tsawa. Magagi ya shiga ɗaki ya yi wa bututun tsawa.

Da wani mutum ne, da ya je fada ya faɗi gaskiya, a yi masa dariyar yini ɗaya a wuce. Magagi kuwa da ya ɗan huce sai ya ga ai abin ma alheri ne. Ba wanda ya taɓa ganin sandar. Hannu ke naɗe ta, shi kuma yana da hannu har biyu. Ya fito tsakar gida yana naɗe hannun riga.

"Kubura, yau za ki ga aikin da anka san ni da shi a Kwatano."

"Buɗe ƙofa?"

Ya wuce kasuwa. Mai taba ba shi da ganye, sai gari da 'yan jijiyoyi. Magagi ya sayo garin, ya zuba a faifai, ya ga ko cikin cokali biyu bai cika ba. Tuwon ciki kuwa dole ya zama ganye. Sai ya faɗa madafin Kubura lokacin da ta tafi rijiya. Ya ɗebi gabu, busasshen ganyen albasar nan da ake ƙamshin miya da shi, don launinsa ya yi daidai. Ya ƙara yakuwa don tsami, ya ƙara tafasa don auki, ya barbaɗa kuka don ta kama jiki. Ya tuna ƙarshen sandar ana son ɗan yaji, sai ya zuba duka a turmin da Kubura ta daka barkono da safe, ya kirɓa sama-sama, ya ce wanda ya manne a jikin turmin ya isa.

Ɗamara da riga kuwa wajen Issa ya samo su, manyan ganyayen nan da ake naɗe goro a ciki.

"Mi za ka yi da ganyen huhu?" in ji Issa.

"Akuyata ka zawo."

Ya jiƙa ganyen a ruwan lalle da tukar shayi har ya yi ja-ja baƙi-baƙi. Ya zauna ya ɗora a cinya ya fara naɗi. Ya naɗa nan, can ya kwance. Ya danne can, tuwon ya zubo ta nan. Sai ya narka ƙaro cikin kwano ya riƙa shafawa. Duk inda ya tsage ya ƙara ganye, duk inda ya ƙara ganye ya ƙara ƙaro. Kan da za a sa a baki shi ya fi gardama, don haka ya tsoma shi gaba ɗaya cikin kwanon ya juya ya fitar. Kafin azahar sandar ta kai kaurin rogo, ta kusa tsawon kamu, ta ɗan lanƙwashe a tsakiya.

Kubura ta dawo ta duba tukwanenta, ta dubi abin da ke shanye a kan danga.

"Maigida, miyar mako guda ce ka naɗe."

"Ilimi na naɗe."

"To in an gama da ilimin a maido min, in kaɗa."

Ranar bankwana fada ta cika har bakin hanya. Labari ya zaga gari cewa yau za a kunna sandar Magagi, har masu jiran mota a tasha suka matso. Abdurrazak ne ya fara. Ya kawo kilishi ja wur, an ji ƙamshinsa tun daga nesa. Sai dai ya manta Baba Maidoki haƙoransa na gaba sun riga shi yin ƙaura. Tsohon ya sa yanki a baki ya tsotsa, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya fitar da shi yadda ya shiga.

"Ya yi daɗi, ɗana," in ji shi. "Ga alama."

Zuciyar Magagi ta yi fari. Ya miƙe daga kan bokitinsa, ya dube shi kallon rabuwa, ya sa aka jera kayan sha a kan benci: butar shayi a kan gawayi, jarkar lamurje, da babbar ƙwaryar fura mai nono. Sannan ya kwance wani mayafi ya fito da sandar, ya ɗora ta a tafukansa biyu.

Jama'a suka ja da baya.

Issa ya dubi sandar, ya dubi bututun da ke leƙowa daga aljihun Magagi. "Wagga ta hito daga cikin wancan?"

"Taba ta gari kumbura taka yi in ta sha iska."

"To ka yi maza ka kunna kahin ta hi ƙarhinmu."

"Sai an yanke kai tukuna," in ji Magagi. "A Kwatano da ɗan almakashin azurhwa aka yi."

Aka kawo reza, ta karye. Aka kawo almakashin tela, ya cije. Ƙaron ya bushe ya zama dutse. Daga ƙarshe Abdurrazak ya ɗora sandar a kan gungumen da yake sara ƙashi, ya ɗaga adda ya ce, "In yi bismilla ko ta riga ta mutu?" Ya sara. Guntun kan ya yi tsalle ya faɗa cikin jama'a, wata akuya ta tsince shi ta gudu.

Magagi ya buɗe baki iyakar buɗewa ya cusa sandar. Aka ƙyasta ashana, ta mutu. Aka ƙare kwalin. Aka ɗauko garwashi da cokali aka manna a bakin sandar, Issa yana fifita da mafici, Magagi yana zuƙa har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Shiru. Sai mai facin taya na tasha ya ce a ba shi wuri. Ya jawo famfonsa ya saita bakin tiyo a kan garwashin, ya hau bugawa da ƙafa. A bugu na farko garwashin ya yi ja. Ana cikin haka sandar ta kama da wata ƙara, hayaƙi ya turnuƙe gindin dogon yaro.

Hayaƙin kuwa ba na taba ba ne. Ƙamshin miya ne sosai, irin ta gidan suna, mai gabu da yakuwa, wadda aka bari ta ɗan kama a gindin tukunya. Ya bi iska ya shiga tasha. Nan da nan fasinjoji suka fara sauka daga motar Yamai. Wata mata ta kutso da kwano a hannu tana tambaya, "Ina aka rabon sadakar?" Wani Bazabarme ya ajiye buhunsa ya wanke hannu da butar alwala ya tsuguna yana jira.

Magagi bai ga ko ɗaya ba, don a daidai lokacin barkonon turmin Kubura ya iso. Ya bi ta maƙogwaro ya hau kai ya fito ta hanci. Idanunsa suka yi ja, hawaye suka zubo. Ya kai hannu zai cire sandar, ta ƙi. Yawu da zafi sun narka ƙaron, ya kama leɓe na sama da na ƙasa da gashin baki, ya riƙe gam. Ya ja, leɓunan suka biyo. Ya saki, suka koma.

"To malam," in ji Issa, "yanzu ina muke? Zumar ta ko gyaɗar?"

"Mmmm!" in ji Magagi.

"Ya ce zuma," in ji Abdurrazak. "Ku ba shi shayi, haka yat tsara."

Aka miƙo kofin shayi. Ba ƙofar da zai shiga. Magagi ya kaɗe shi da hannu yana buga ƙafa.

"Mmmm! Mmmm!"

"Ya ce mun wuce nan, an shiga tsakiya. Lamurje!"

Wani mai son taimako ya ɗaga jarkar ya tuttula masa a fuska. Citta da kanumfari suka shiga idon da barkono ya riga ya buɗe. Magagi ya yi tsalle ya fara juyi a tsakiyar fili, hannuwa a sama, hula ta faɗi, hayaƙi na fita ta hanci biyu, sandar tana gaba tana tartsatsi. Duk inda ya juya mutane su dare suna atishawa.

Wani dattijo daga ƙauyukan Kurfai da ke jiran mota ya dube shi da kyau, ya cire takalmi ya ce, "Ku bar dariya, jama'a. Wanga ba shi kaɗai ba na. Iskoki sun hau shi, kuma manya na, ku dubi yadda suka cin wuta. Ina mai goge?"

Aka yi rashin sa'a akwai mai goge a tashar, yana hanyar zuwa wani wasa a Bonkuku. Ya zare gogensa ya fara. Magagi yana girgiza kai yana nuna a'a, mai goge ya ɗauka kiɗan ne bai yi wa iskan ba, ya sauya wani. Matar nan mai kwano ta ajiye kwanon ta hau tafi.

Baba Maidoki yana kan kujerarsa yana share hawaye da gefen rawani, rabi na barkono rabi na dariya. Da ya ga wutar ta kusa hanci sai ya ce, "Kai, ku cece shi. Mi yac ce aka sha a ƙarshe?"

"Hura!" in ji fada baki ɗaya.

Abdurrazak ya kama ƙeyar Magagi, Issa ya tallabo ƙwaryar, aka tsoma sandar da fuskar gaba ɗaya. Aka ji cuuu. Da aka ɗago shi, fura na ɗiga daga girarsa, sandar tana nan a bakin, ta jiƙe ta sunkuya.

Ana haka sai jama'a suka buɗa hanya. Inna Tambara ce, da sandarta ta dogarawa, Habsatu na biye.

"Tun daga gida na jiyo miyar surukata tana ƙuna," in ji ta. "Wa ya kawo tukunyar nan?"

Ta tsaya gaban ɗanta ta dube shi sama da ƙasa. Ta kama sandar tabar da hannu ɗaya, ta dafe goshinsa da ɗayan, ta fizge. Sandar ta fito da rabin gashin baki, na ɓangaren dama. Magagi ya yi wata ƙara da ta sa mai goge ya tsaya.

Inna ta ɓare abin da farce tana shinshinawa. "Gabu. Yakuwa. Tafasa. Wanga kuwa ganyen goron Issa na."

"Ashe wagga ta akuyar mai zawo," in ji Issa, yana nuna sandar, fada ta kwashe da dariya.

"To ina ta Kwatanon?" in ji Baba Maidoki.

"Au, wai 'yar siririyar nan?" Inna ta ɗaga ƙaramin yatsanta, zoben takarda ya yi ƙyalli a rana. "Ai ni yab ba. Ga sauranta."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli, ta ɗebo da yatsa biyu ta miƙa wa tsohon. Baba Maidoki ya sa a leɓe. Wannan ba ta neman haƙori. Ya jingina ya rufe ido. Fada ta yi shiru, ba ka jin komai sai atishawa jefi-jefi.

Can ya ce, "Zuma." Ya ɗan jima. "Gyaɗa. Ku ba ni kofin hwari." Aka zuba masa shayin mai ɗaci, ya kurɓa kaɗan ta gefe, ya girgiza kai a hankali. "Wallahi yaron ga bai yi ƙarya ba, da shayin taka tahiya. Tambara, da wagga zan tahi Yamai."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya nuna kujerar. "Taki ta."

Abdurrazak ya ce, "Baba, mace a fada?"

"Na ce wane? Na ce wanda yas sa wa bakina ɗanɗano."

Inna ta taɓe baki. "Wa zai zauna cikinku, marasa aikin yi? A kai min ita gida, bayana ya daɗe shina ciwo." Ta juya ta dubi ɗanta. "Kai, ɗauko."

Magagi ya tsaya, fura na bushewa a fuskarsa, leɓuna sun kumbura, rabin gashin baki ya tafi. Ya dubi kujerar da ya yi shekaru yana mafarkin jingina a cikinta. Yau ga ta an ce ya taɓa, amma da ka. Ya sunkuya ya ɗora ta a kai. Inna ta shige gaba, shi yana biye, rabin tasha na biye da shi, mai goge ma ya bi su don ya ce ba a sallame shi ba.

A bakin kasuwa Magagi ya juyo da kujerar a kansa ya yi wa jama'a wata doguwar magana. Leɓunan ba su bar ko kalma ɗaya ta fito daidai ba, don haka ba wanda ya gane, ba kuma wanda ya katse shi, har ya kai ƙarshe.

"Mi yac ce?" in ji Abdurrazak.

"Ya ce mu shaida," in ji Issa. "A gidansa za ta kwana."

A tsakar gida Inna ta sa ya ajiye kujerar kusa da randa, inda ya fi sanyi. Ta zauna ta jingina ta miƙe ƙafafu ta yi ajiyar zuciya. Kubura ta kawo mata kofin shayi na farko, ta wuce ta gaban mijinta ba ta ce uffan ba, abin da ya fi masa zafi da a ce ta yi magana. Magagi ya duba ko'ina bai ga abin zama ba, bokitin ma an baro shi a fada. Ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa da ƙafar kujerar.

Inna ta dube shi ta sama. Ta kwance ƙullin, ta kakkaɓe ɗan abin da ya rage a tafinta, ta miƙo masa.

"Ungo, ɗanɗana," in ji ta. "In za ka ba da labarin abu, ka san shi."

Ya sa a leɓen da ya kumbura. Can idanunsa suka kawo ruwa.

"Inna," ya ce da ƙyar, "zuma."

"Jira gyaɗar," in ji ta. "Kuma ka matsa, ka danne min zane."